Waiwaye: Ba Kowane Zafin Jiki Ne Maleriya Ba

A watan Afrilun 2000 shugabannin Afirka suka hallara a Abuja, suka yi alkawarin rage mace-macen zazzaɓin cizon sauro da rabi kafin 2010. A zamanin, wanda duk jikinsa ya yi zafi kulorokwin ake miƙa masa, ba ruwan kowa da duba jini. Da ƙwayar cutar ta daina jin maganin, Najeriya ta koma maganin ACT a 2005. A 2010 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa gwaji kafin magani.

Ƙa'ida ta sauya, hali bai sauya ba. Har gobe direba zai fito daga tashar Jabi a Abuja, ya faɗa kemis ya ce, "Malam, ba ni na maleriya da taifot." Shi ne majinyaci, shi ne likita. Alhali a unguwar ne hedikwatar hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC take, ga kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya.

Ba kayan gwaji muka rasa ba, sai dai kowanne da cikasinsa. Duba jini a madubin likita yana buƙatar ƙwararre da rini da lantarki. Ɗan tsinken gwajin gaggawa yana ba da amsa cikin minti 15 zuwa 20, amma yawancinsa sinadarin HRP2 yake nema, wasu ƙwayoyin cutar kuwa sun daina samar da shi. Dole ta sa Eritriya ta sauya nau'in tsinkenta a 2016.

Yanzu ga wata dabara tafe. A 2019 masu bincike a Cibiyar Lafiya ta Ifakara da ke Tanzaniya, tare da Jami'ar Glasgow, suka ɗiga jini a takarda, ya bushe, suka haska shi da wani haske da ido ba ya gani. Kowane sinadari da irin yadda yake shan wannan haske, don haka jini yakan bar zane nasa na kansa. Ƙwayar maleriya kuwa tana cin jan jini tana barin tarkace, sai zanen ya jirkita. Suka yi ta nuna wa kwamfuta zanen jinin da aka riga aka tabbatar da halinsa, har ta iya rarrabe mai cuta da lafiyayye. Cikin ɗari ta dace da kusan 92, ba tare da rini ba.

Abin bai bar ɗakin bincike ba tukuna. Na'urar da tsada, kuma kwamfuta abin da aka koya mata kawai ta sani. Kafin ta yi hukunci a Jabi, sai an horar da ita da jininmu, har da na masu sikila da masu ƙarancin jini.

To ko ta iso, aikinta zai tsaya ne a faɗin gaskiya; karɓarta tamu ce. Sau da yawa gwaji yakan nuna babu maleriya, majinyaci ya murtuke fuska, a rubuta masa magani don a rabu lafiya. A nan ne zazzaɓin Lassa da sanƙarau suke samun kwanakin da suke buƙata. Idan aka ce maka ba maleriya ba ce, kada ka nemi wani kemis ɗin. Tambayi likita: to mece ce?