Wa Zai Sauke Mu a Abeshe?



Kwanakin baya wasu samari uku daga cikin 'ya'yanmu suka shigo zauren Maigida bayan La'asar. Suka durƙusa suka gaisa, suka ce suna so su yi amfani da hutun makaranta su je Abeshe, su ga garin da suke jin kakansu ya zauna shekara bakwai kafin ya wuce Makka. Dattawan da ke wurin suka ji daɗi, aka yi ta sa musu albarka. Sai babbansu ya ɗaga waya ya ce, "Baba, ga matsalar. Mun duba intanet, kuɗin ɗakin otel na kwana biyu zai cinye guzurinmu kaf. Ƙananan gidajen baƙin nan kuwa da ake kira oberj, su Inna sun ce ba da yawunsu ba. Ko akwai wanda aka sani a can?" Aka juyo wajenmu, tunda littafin wasiƙu a hannunmu yake. Muka buɗe, muka tarar da sunaye huɗu a ƙarƙashin Abeshe. Uku sun riga mu gidan gaskiya. Na huɗun ba mu da lambarsa, kuma rabon da takarda ta shiga tsakaninmu da shi an fi shekara goma.

Zauren ya yi tsit. Da a ce wata al'umma ce ta rasa amsar wannan tambaya, da da sauƙi. Mu kuwa masauki shi ne asalin zamanmu a ƙasar nan. Yawancin kakanninmu ba da niyyar zama suka baro Kano da Katsina da Damagaram ba. Wasu fatake ne, wasu almajirai, mafi yawa maniyyata ne da suka ɗauki hanyar gabas da ƙafa da jaki. Su bi ta Barno su zo Kusuri, su haye kogi, su huta a nan, sannan su nausa ta Ati da Um Hajar a bakin kogin Batha har Abeshe. Daga can sai Adre, sai Janaina, sai Fashir, har bakin Bahar Maliya. Tafiya ce ta shekaru. Inda guzuri ya ƙare mutum ya tsaya, ya yi ɗinki ko wanzanci ko noma ko koyar da yara, ya tara na gaba. Wani ya tara ya wuce, wani ya yi aure ya ce sai baɗi, baɗin da har yau ba ta zo ba. Bayan faɗuwar Sakkwato da yaƙin Burmi a 1903 ayarin masu hijira ya ƙaru a kan wannan hanya, har wasunsu suka kafa garin Mai Wurno a Sudan. Birnin da muke ciki ma a gaban idon matafiyan nan ya girma: Faransawa sun kafa shi a 1900 da sunan Fort-Lamy, bayan yaƙin Kusuri inda Rabe da Lamy suka mutu rana ɗaya, kuma sai a 1973 aka mayar masa da sunan N'Djamena, wanda masu Larabcin ƙasar nan ke fassarawa da wurin hutawa. Har unguwa muke da ita mai suna Hille Hujjaj, wato unguwar alhazai.

Ta yaya mutumin da ba shi da ko sisi ya ratsa ƙasa mai faɗin Chadi bai kwana a daji ba sai da larura? Akwai tsari. Kowane gari a kan hanya yana da zango, kowane zango yana da sarki ko mai unguwa, kuma baƙo ba ya yawo yana ƙwanƙwasa ƙofa. Masallaci zai nufa, ya yi salla, liman ya tambaye shi daga ina, a haɗa shi da yaro zuwa gidan wanda ya fito daga ƙasarsu. Bakano ya sauka wajen Bakano, Bagobiri wajen Bagobiri. Idan falke ne mai kaya, fatoma ne zai karɓe shi, ya ajiye masa kayan, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso, ya ci la'adarsa. A lura da wannan, domin masu yabon zamanin da suna yawan mantawa: fatoma sana'a yake yi, kuma ba wanda ya ga aibin hakan. Shi ya sa tsarin ya daɗe. Wani Ba'amurke mai suna John Works ya rubuta littafi guda a kan Hausawan Chadi a 1976, kuma abin da ya kawo shi ke nan, yadda baƙi suka zama 'yan gari ta hanyar saukar da baƙi.

To, me ya sa muke ganin tafiyar samarin nan ta cancanci a tayar da hankali a kanta? Saboda mun zama mutanen da suka san Dubai da Jidda da Kwatano, amma ba su san bayan gidansu ba. A tambayi matasanmu goma wa ya taɓa zuwa Gawi. Tafiyar kamar kilomita 10 ce daga tsakiyar gari ta arewa maso gabas, kilando ma yana kai mutum, kuma birni ya miƙe har ya kusa haɗiye ta. Garin Kotoko ne, waɗanda ke danganta kansu da mutanen Sao, al'ummar da tatsuniyoyin yankin tafki ke cewa ƙattai ne masu ƙarfin ban mamaki. Tsohuwar fadar sarkin garin, ginin ƙasa mai bene, ita aka mayar gidan tarihi. A ciki za ka ga manyan tulunan da mutanen Sao ke sa mamatansu a ciki kafin Musulunci ya iso, da ƙananan siffofi na yumɓu da aka tono a ƙasa. A waje kuwa matan garin ne ke da aiki: su ke gina tukwane da randuna da hannu, su ke yi wa bangon gidaje zane da launukan ƙasa, ruwan damina ya wanke, su sake. Duk wanda ya taɓa ganin adon bango a tsofaffin gidajen Zariya ko Birnin Damagaram zai tsaya ya yi shiru a gaban katangun Gawi. Masana harsuna ma sun sa harshen Kotoko da Hausa a dangi ɗaya, dangin da suka raɗa wa sunan tafkin Chadi. Ashe 'yan'uwa ne muke wucewa a kasuwa muna taya randarsu ba mu san daga wane gida ta fito ba.

Waɗanda suka je Gawi daga cikinmu ma, yadda Turawa ke zuwa suke zuwa: a isa da hantsi, a ɗauki hoto, a sa a Facebook, a dawo kafin Azahar. Ba mu ce laifi ne ba. Amma gari ba ya buɗe wa mutum bakinsa da rana tsaka. Tsoho ba ya ba da tarihi ga wanda injin babur ɗinsa ke jira a ƙofa. Sai an yi Magariba tare, an sa hannu a akushi ɗaya, an ɗora shayi na biyu, sannan zai ce, "Af, ai akwai wani Bahaushe mahauci da ya zauna a nan zamanin mahaifina." Wanda bai kwana ba ya ga katanga, bai ji wannan ba. Shi ya sa muke cewa maganar masauki ita ce maganar ziyarar gaba ɗaya.

Haka Masenya, can kudu maso gabas ta hanyar Durbali, gidan sarautar Bagarmi inda ake kiran sarki Mbang, garin da Bature Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya shiga a 1852. Mai zuwa ya tambayi halin hanya kafin ya tashi, musamman da damina.

Abeshe ita ce ta fi tsaya mana a rai. Ta zama babban birnin Wadai wajen tsakiyar ƙarni na 19, bayan rijiyoyin tsohon birni, Wara, sun ƙafe aka tashi aka bar shi. Kufan Wara yana nan arewa da Abeshe, da ragowar fada da masallaci na jan bulo a tsakanin duwatsu. Faransa ta shiga Abeshe a 1909, kuma a 1917 aka yi wa malaman garin kisan gilla da adduna, abin da har yau ake kira Kubkub. Duk wanda ya yi karatun allo ya kamata ya je ya tsaya a garin nan ya yi musu addu'a. Ga fadar Sarkin Wadai, ga tsofaffin masallatai, ga dukawan kasuwa da aikin fatarsu. Ga kuma zuriyar maniyyatan da ba su ƙarasa ba, waɗanda Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakin jikokinsu, amma idan aka ce musu baƙo ya zo daga 'yan'uwa na N'Djamena, tabarma za su fara nema.

Yanzu bari mu faɗi abin da ke gaban wannan magana, don kada a ce muna mafarki. Na farko tsoro. Tun bayan hare-haren bam na 2015 a birnin nan, a watan Yuni da na Yuli, wanda na biyun ya faɗa a babbar kasuwa, saukar da baƙon da ba ka sani ba ya zama abin da zai iya jawo wa gida duka tambayoyi. Mu da muke jin harshe ɗaya da mutanen ƙetaren iyaka mun fi kowa sanin irin kallon da aka riƙa yi mana a lokacin. Zaure da yawa a ranakun nan aka rufe su, ba a sake buɗewa ba. Ba ma zargin kowa. Amma maganin wannan tsoro yana cikin tsohon tsarin kansa: baƙo ya zo da takarda daga shugaban da ya san shi, ya san ubansa, da sa hannu da hatimi da lambar waya, mai masauki kuma ya kai shi wajen mai unguwa ya gabatar da shi tun ranar farko. Baƙon da aka san wanda ya turo shi ya fi baƙon otel aminci.

Sai talauci, kuma wannan ya fi nauyi. Gabashin ƙasar nan tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a watan Afrilun 2023 yake karɓar 'yan gudun hijira dubu ɗaruruwa ta Adre da kewaye. Gidan da ke Abeshe wataƙila yana ɗauke da dangi daga Janaina da ba su da ranar komawa. Gawi ma ta karɓi nata, don a gefenta aka tsugunar da waɗanda suka tsero daga Afirka ta Tsakiya a 2014. Ba daidai ba ne mu tura wa irin waɗannan mutane samari uku majiya ƙarfi, hannu rabbana, da sunan zumunci. Shari'a ta sa haƙƙin baƙo kwana uku, ta kuma hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida, amma mun riƙe rabin farko mun saki na biyu. Mun taɓa ganin wanda aka sauke don ziyarar mako, sai da ya ga watan azumi ya kama ya fita. Irinsa ne suka kashe masauki, ba otel ba. Kakanninmu ba sa shiga gida hannu wofi: goro, turmin atamfa ga uwargida, sukari da ganyen shayi. A yau ma haka ya kamata, a ƙara da kuɗin cefane a bayyane, a damƙa wa Hajiyar gidan tun daren farko ba tare da jin nauyi ba, tunda ita ce za ta tashi da asuba ta hura wuta. Idan kuma wani a cikinmu yana da ɗaki biyu a zaure ya ce zai mayar da su gidan baƙi na kuɗi, mai tsabta, da buta da tabarmar salla da gidan sauro, inda uba zai yarda 'yarsa ta sauka tare da yayyenta, kada a yi masa gorin ya sayar da zumunci. Fatoma ya dawo, shi ke nan.

Akwai kuma masu cewa matasan yanzu suna son ɗaki da makulli da wurin cajin waya, ba sa son a tashe su sallar Asuba a gidan mutane. Wanda ke da hali ya sauka a otel, ba haramun ba ne. Sai dai ko shi, ya ɗauki takardar ya je ya gaida mutanen zango, ya ci abincin dare a can.

Laifin da ya fi girma namu ne, mu masu riƙe da littafi. Mun bar shi ya tsufa tare da waɗanda ke cikinsa. Ana rasuwa a Mongo ko Ati, mu ji a bakin direba bayan wata biyu, ba mu aika ta'aziyya ba, ba mu tambayi wa ya gaji gidan ba. Maigida ya ba da umarni a sabunta shi gari-gari, daga Masaget har Adre, da sunan shugaban Hausawan wurin da limaminsu da gida ɗaya ko biyu da suka yarda da bakinsu za su karɓi baƙo, da sharaɗin da suka gindaya. Ba za a sa lambar kowa a wannan shafi ba. Mai bukata ya zo zaure a san shi. Muna roƙon direbobin manyan motoci da mahauta da masu kai goro, waɗanda ƙafarsu ba ta bar hanyar ba, su taimaka mana da abin da suka sani.

Samarin nan kuwa, wani direba ne ya samo mana ɗan mutum na huɗun. Mahaifin ya makance, amma da aka karanta masa sunan kakansu sai ya ce ya tuna shi, maɗinki ne mai tsamiya a ƙofar gida. Mun rubuta musu takardar da Larabci da Hausa, Maigida ya buga hatimi, uwayensu suka haɗa musu ƙullin goro da sukari. Sun tashi ranar Asabar da motar safe, kuma an ce musu kwana uku ne, na huɗu su kama hanyar Wara.