Yaron da ake kira daƙiƙi

Kowace shekara, in watan Oktoba ya kama, makarantun Tawa da na ƙauyukan arewacin Adar suna karɓar sababbin yara ƴan shekara 6 ko 7. Kafin sanyi ya shigo, malami ya riga ya raba ajinsa biyu: masu kai a gaba, sauran can baya jikin bango. Na bayan nan su ake kira daƙiƙai. Sunan yana bin yaro har gida. Bayan shekara biyu a fitar da shi, a tura shi kiwo ko talla, in ya tasa ya bi sawun yayyensa zuwa Abijan. An yi gaggawar yanke wannan hukunci, kuma ba kan mai laifi ya faɗa ba.

Hankali ba kaya ba ne da ake sauke wa jariri cikakke ranar suna. Ginuwa yake yi kamar rumbu, zubi bisa zubi. Likitoci sun tabbatar cewa babban aikin yana cikin kwana 1000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara 2. Kayan ginin kuwa sanannu ne: nonon uwa, abinci mai gina jiki, gishiri mai aidin, da isasshen jini. Yaron da aka yaye bisa farau-farau, wanda zazzaɓin damana ya shanye wa jini sau biyu ko uku, yana isa aji a gajiye. Yana jin abin da aka faɗa, amma kafin ya riƙe shi ya suɓuce masa.

Adar ta san wannan hanya. Ta ga farin 1973 da 1974, ta ga na 1984, ta ga yunwar 2005, lokacin da aka buɗe wuraren jinyar yara masu tamowa a Tawa da Kaita. An ceci rayuka da yawa a shekarar. Amma waɗanda aka ceta suna goye, su ne suka shiga makaranta wajen 2010 da 2011, kuma takardar rajista ba ta da gurbin rubuta abin da ya same su. Murmurewar jiki sikeli yana nuna ta. Ta kai kuwa sai an zo karatu ake gani.

Abinci kaɗai bai isa ba. A Kingiston, babban birnin Jamaika, a 1986 da 1987, an ɗauki yara 129 waɗanda rashin abinci ya tsumburar. Wasu daga cikinsu, ma'aikaciyar lafiya tana zuwa gidansu sau ɗaya a mako har shekara 2, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta yaba masa. Bayan shekara 20 aka sake neman su, aka tarar abin da suke samu ya fi na ƴan uwansu da kamar kashi 25 cikin 100. Ba allura aka yi musu ba, magana ce da wasa.

Nan ne zancen ya taɓa matan Adar. Da an gama girbi maza sun tafi cin rani, mace ta rage da daka, da ɗiban ruwa, da itace, da jiran saƙon da ba ya zuwa. Uwar da damuwa ta danne, bakinta mutuwa yake yi. Tana ba da nono, amma ba ta hira da abin da ke bayanta. Wannan ciwo ne mai magani, ba lalaci ba, kuma ya kamata ungozoma da ma'aikacin likita su riƙa tambayarsa ranar awo. Kunyar ɗan fari ma, ko da yake al'ada ce mai daraja, ba ta hana kaka ko gwaggo cike gurbin. Gatana da kacici-kacici na dare su ne ajin farko na yaro, kuma ba a biyan ko dala.

Sai harshe. Yaron da ya tashi da Hausa ko Tamashek, ranar farko ake fuskantarsa da Faransanci. Ana so ya koyi karatu da baƙon harshe a lokaci guda. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar, cikin yara 10 masu gama firamare, da ƙyar ɗaya ya kai matakin da ake bukata a karatu. Ba zai yiwu a ce tara ɗin duk daƙiƙai ne ba. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da harshen gida a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta amince da shi, a 2025 kuma aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Wanda ya koyi baƙi da wasali a ajin yaƙi da jahilci cikin ƴan watanni, ya san dalilin saurinsa.

Tsoro kuma yana rufe kai. Yaron da idonsa ke kan bulala, hankalinsa ba ya kan allo. Balle yaran yankin Tiliya, inda a ranar 21 ga Maris 2021 aka kashe mutum 137 bisa ƙidayar hukuma. Ƙaramin da ya tsere daga irin wannan rana, in ya yi shiru a aji, ko ya firgita da ƙarar babur, yana bukatar a zaunar da shi a saurare shi.

Saboda haka, kafin malami ya rubuta wa yaro ya maimaita aji, akwai tambayoyi da suka wajaba: me ya ci da safe, yana ji da gani sosai, wane harshe ake yi a gidansu, wa ke kwana da shi. Shugabannin makarantu da na likita a gari ɗaya suke, sau da yawa katanga ce tsakaninsu. Hukumomin jihar Tawa suna da ikon sa su zauna tare sau ɗaya a farkon kowace shekarar karatu, da rajistar aji a hannu ɗaya, katin awo a ɗayan.