Manomi Ya Tsufa, Ba Fansho Ba Magani

Jama'a, ku dubi tsofaffin garinku. Mutum ya shekara hamsin yana noma gero da gyaɗa, yau hawan jini ya kama shi, ko yanar ido ta rufe masa gani. Ma'aikacin gwamnati dai yana da fansho, ko da ana ja masa rai kafin a biya. Manomi fa? Sai abin da 'ya'ya suka aiko daga birni, in sun samu.

Maganin hawan jini kullum ake shan sa. Mai kuɗi ya sayi na wata guda a kemis. Talaka ya sayi ƙwaya biyar, in ta ƙare ya haƙura, sai wata safiya a ce ɓarin jikinsa ya shanye. Sannan a ce ƙaddara ce! Mun yarda da ƙaddara, amma ba ita ta kwashe magani daga asibitin ƙauye ba. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, kuɗin mota zuwa babban asibiti ma gagarar tsoho yake yi.

A Abuja, cikin 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi don kiwon lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. A 2016, ciwon kunne ma Landan shugaban ƙasa ya kai shi.

Duk ɗan takarar da ya zo muku da shinkafa da atamfa, ku tambaye shi a gaban dattawa: yaushe za a fara ba tsoho magani kyauta a asibitin garin nan? In ya shiga kame-kame, ku hana shi ƙuri'a.