Haki bayan aikin zuciya ba na kemis ba ne

Maganarmu ta wannan mako a kan dattawanmu ce da ake kaiwa Kano ko Abuja a dasa musu batirin zuciya, ko a ƙona ɗan wurin da ke rikita bugunta. Mutum ya dawo Morai, bayan kwana biyu numfashi ya fara sarƙewa, sai mu ce sanyi ne, a tura yaro kemis.

Wannan kuskure ne. Wajen shigar da wayar batiri allura na iya huda huhu, iska ta taru ta matse shi. Jini na iya taruwa kewaye da zuciya, ko ruwa ya kwanta a huhu. Maganin tari ba ya warkar da ko ɗaya. Hoton ƙirji da na zuciya ne ke rarrabe su.

Kowa ya san halin hanyoyinmu da dare. Da an ga ba ya iya kwanciya sai zaune, ko ƙirji na ciwo, ko jiri, a tafi Babban Asibitin Talata Mafara tun rana na sama, da takardar sallama da katin batirin. Idan sun ce Sakkwato ko Gusau, a wuce.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.