Kafin ka ƙara gidan haya, tambayi asalin filin

Wani attajiri daga cikin iyayen almajiraina ya zo mini da tambaya. Yana da gidajen haya uku a Rano, yana so ya mai da su goma, har ya ƙetara zuwa Kibiya, ko akwai laifi? Na ce masa haya halal ce, muddin an san kuɗin, an san wa'adin. Abin da nake ji masa tsoro shi ne ƙasar da zai aza ginin a kanta.

A shekarar 2019, da gwamnatin Ganduje ta ba Rano sarki mai daraja ta ɗaya, dillalai suka yi ta cewa gobe garin zai zama Kano ta biyu. Muka ga gonakin bakin gari ana auna su da igiya, ana yanka su filoti-filoti. A 2024 aka soke wannan doka, sa'an nan aka maido da masarautar a daraja ta biyu, tana riƙe da Rano da Kibiya da Bunkure. Gaggawar waɗancan shekaru ta sa mutane da yawa sun saya ba su tambaya ba.

Ka sani, ya ɗan'uwa, da yawa daga gonakinmu gado ne da ba a raba ba. Uba ya rasu, babban wa ya ci gaba da noman gandu, ƙannensa mata suna ɗakunan aure a wasu ƙauyuka, ƙanana ba su balaga ba. Sai wan nan ya sayar maka a gaban dillali da shaidu biyu, ka ɗauka magana ta ƙare. Alhali kuwa rabonsa kaɗai yake da ikon sayarwa. Na sauran yana jiran yardarsu, na maraya kuwa sai wasiyyi ko alƙali, shi ma sai da dalili.

Ko rabon nasa ma akwai shuf'a a kansa, watau abokan tarayyarsa suna da haƙƙin su biya ka abin da ka biya, su karɓe shi. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid ya san hukuncin: wanda yake nan ya yi shiru shekara guda, haƙƙinsa ya faɗi, amma wanda ya yi tafiya yana kan nasa ko da ya daɗe. To, wane gida ne a ƙasar Rano da ba shi da ɗa a Legas ko Fatakwal? Kana iya buga kwano, ka zuba 'yan haya, sai ga shi ya sauko daga mota.

Ga kuma hukuma. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da izinin zama a kansu. Sa hannun mai unguwa ko dagaci shaida ce mai amfani, amma ba ta tsayawa a matsayin takardar mallaka.

Saboda haka na ce masa ya tara magada duka, har da mata, domin su aka fi mantawa, a raba a gaban alƙali, a rubuta, kana ya zare kuɗi. Ya ce wannan zai jinkirta shi, maimakon gida bakwai watakila biyu zai samu bana. Na ce haka ne, kuma biyun ma ya gina su da hayar da ya tara, kada ya kusanci bashin ruwa.

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce zai fara da filin Kibiya. Magadansa bakwai ne, biyu mata ne da ke aure a Bunkure, ya ce jibi zai aika a kirawo su.