Dokin Sallah Ma Yana Jin Ƙishirwa

Ranar Hawan Magajiya, bayan an watse daga ƙofar fada ƙura ta lafa, na bi ta wani lungu a cikin garin Daura na tarar da wani saurayi yana kwance wa dokinsa sirdi. Da ya ɗaga jalala sai ga gyambo ɗanye a gadon bayan dokin, faɗinsa ya kai tafin hannun yaro, ƙudaje har sun fara sauka. Gefen bakinsa kuma kumfa ce haɗe da jini, aikin linzami. Na ce masa, "Samari, tun yaushe rabonsa da ruwa?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Baba, tun da asuba." La'asar ta yi sakaliya a lokacin.

Yaron ba mugu ba ne. Hayar dokin ya yi, ya kashe abin da ya tara a kan rawani da alkyabba, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa abin da doki yake bukata. Nan ne damuwata take. A gidajen sarauta da bargar masu doki na asali akwai ilimi da aka gada kaka da kakanni: yaushe ake ba da harawa, yaushe ake ba da dusa da kanwa, yadda ake shimfiɗa abin da zai tare bayan doki daga gogar sirdi. Amma yawan masu hawa ya zarce yawan masu wannan sani. Yau ga hawan Sallah, ga Sallar Gani da Daura ta yi suna a kanta, ga kilisar yamma, ga hawan angwanci da samari suka mayar ado. Doki ɗaya sai ya zaga hannu uku a yini, kowa na so ya more kuɗinsa da sukuwa a kan kwalta.

A tuna kuma da lokacin da bukukuwan nan suke faɗowa. Ƙaramar Sallar 2023 ta kama 21 ga Afrilu, ta 2024 kuma 10 ga Afrilu, tsakiyar bazara ke nan, sa'adda zafin ƙasar Daura yake haura digiri 40. Dokin da yake tsaye a turke kawai yana shan lita 25 zuwa sama a yini. Wanda yake aiki tuƙuru cikin rana yana iya zubar da gumi lita 10 ko fiye cikin awa guda, balle an lulluɓe shi da lifidi da kayan ado. Har yanzu wasu na riƙe da cewa ba a ba dokin da ya yi gumi ruwa. Likitocin dabbobi sun bar wannan ra'ayi. A kai shi inuwa, a cire masa kaya, a yi ta kwara masa ruwa mai sanyi a wuya da ƙirji da ƙafafu, a bar shi ya sha.

Wani kuskuren kuma daga ƙauna yake fitowa. Ana gobe hawa sai mutum ya cika wa doki kwano da dawa ko gero fiye da abin da ya saba, wai don ya yi ƙarfi. Cikin doki ƙarami ne idan aka kwatanta da girman jikinsa, kuma ba ya iya amai. Hatsin da aka ɗura masa farat ɗaya shi ne kan jawo ciwon cikin da za ka ga doki yana birgima yana waigen haƙarƙarinsa, wani lokaci ya sauka a kofato ya gurgunta shi.

Ba doki kaɗai ke shan wahalar biki ba. Ƙarar bindigogin gargajiya da abin fashewar da yara ke cillawa kan firgita kyanwa da kare su bazama, don haka a ba su ɗaki ko lungun da za su fake. Ledar da ake watsarwa bayan rabon nama da cincin, awaki da tumaki ne ke haɗiye ta, ta dunƙule musu a tumbi. Akwai kuma wasan da ni kaina na yi ina yaro, nake jin kunyarsa yau: ɗaure ƙafar tsuntsu da zare ana jan sa har ya galabaita. Uwa ko uban da ya ga haka ya kwance zaren, ya ba yaron labarin matar nan da hadisi ya ce ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Muna karanta shi a makarantar Islamiyya, sai mu manta da shi ranar Sallah.

Roƙona ga Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, Allah ya ja zamaninsa, da hakiman Daura, Mai'adua, Zango, Ɓaure da Sandamu, ba mai tsada ba ne. A ajiye randuna ko rabin duro cike da ruwa a wuraren da mahaya ke jiran fitowar Sarki, domin a wannan doguwar tsayuwar ce dawaki suka fi jigata. A gayyato ma'aikatan lafiyar dabbobi na ƙananan hukumomi su duba dawaki tun ana jibi hawa, duk mai gyambo a baya ko ɗingishi a mayar da shi turke, ko na wane ne. Kowane hakimi kuma ya sa wani dattijo cikin masu kula da bargarsa ya tara samarin tawagarsa ya koya musu ɗaura sirdi da riƙon linzami ba fizga. Maganar fada tana shiga inda ta likita ba ta kaiwa.

Saurayin nan kuwa, maƙwabcinsa ne ya miƙo bokiti ta kan katanga. Dokin ya shanye, aka sake cikawa, ya shanye, bai ɗaga kai ba sai a tsakiyar na uku.