Muna Rufa wa Fim Asiri, Muna Tona wa Mutum



Yau ba za mu lallaɓa ba. Ranar Asabar da ta wuce, bayan koyon waƙa, saura kaɗan samarinmu biyu su ba hammata iska a bakin majami'a. Da aka raba su aka tambayi dalili, ashe ɗaya ne ya je Dambatta, aka tura masa sabon kashi na Labarina a wurin masu cajin waya, ya kalla, ya dawo ya faɗa wa ɗayan yadda aka ƙare tun bai gani ba. Laifin ke nan. Wanda aka ɓata wa labari yana huci, yana cewa an ci amanarsa.

Mun yi dariya a lokacin. Da dare dariyar ta tsaya mana a wuya, domin a cikin makon nan dai an kwana uku ana yawo da hoton wata 'yar fim a zauren WhatsApp na zumunta, kowa yana tofa albarkacin bakinsa a kan mutuwar aurenta da mazan da aka ce tana bi. Ba wanda ya yi huci. Ba wanda ya ce an ci amanar kowa. Wato ƙarshen labarin da marubuci ya ƙaga a ɗakinsa yana da alfarmar da za a rufa masa asiri, amma mace mai rai, mai uwa da uba, ba ta da ita.

Kada wani ya ɗauka fim muka zo tsinewa. Mun san akwai dattawan da maganinsu ɗaya ne, a ƙwace waya a fasa. Ba mu tare da su. Mu ma muna kallo. Dadin Kowa na tashar Arewa24 ya nuna gari guda da Musulmi da Kirista suke zaune suna cin kasuwa ɗaya, kuma ya fi wasu wa'azozin da muka ji koyar da zaman maƙwabtaka. Labarina, wanda Aminu Saira ya fara fitarwa a 2020, ya nuna cewa ana iya yin fim ɗin Hausa da natsuwa, ko da yake a ganinmu an ja shi har ya fara tsinkewa, kamar yawancin masu dogon zango. Fassarar fina-finan Indiya kuwa, rabinta ihu ne da barkwanci, mai son ta ya sha. Bayan an gama yankan gero da dawa, an cire gyaɗa, dare ya yi tsawo, ba zunubi ba ne mutum ya huta da labari.

Game da faɗin ƙarshen fim, shawara ce kawai: kada ka yi, rashin kirki ne. Amma wanda aka yi wa, ya sassauta. Fim ɗin Yesu na 1979 da aka juya zuwa Hausa, sau nawa aka haska mana shi a filin majami'a? Kowa ya san za a gicciye shi, kowa ya san zai tashi, duk da haka tsofaffi suna share hawaye kowace shekara. Ubangiji da kansa ya faɗa wa almajiransa ƙarshen tafiyarsa har sau uku, a Markus sura 8 da 9 da 10. Labarin da sanin ƙarshensa ya kashe shi, dama can ba shi da nauyi.

Inda muke da faɗa shi ne bakinmu.

Yawancinku kuna goye, wasu ma ba a haife ku ba, a 2007 lokacin da bidiyon sirri na wata 'yar fim ya fita a Kano. Ba za mu ambaci sunanta ba, an ambace shi ya isa. Daga waya zuwa waya ya bi gari, aka dakatar da shirya fim na watanni, Hukumar Tace Fina-finai ta ƙara tsananta dokoki. Mutum biyu ne a cikin abin, amma macen ce ta sha yawancin jifan. Waɗanda suka yi ta tura shi kuwa, dubbai, kowannensu ya kwana yana ganin kansa mai tsarki. A 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon waƙar ClassiQ, a 2020 kuma aka sake yi mata ca a kan wasu hotuna. Ko ta yi daidai ko ba ta yi ba, akwai masu hurumin magana a sana'arsu, kuma sun yi. Tambayarmu ita ce, mu da ke zaune a ƙauyukan Bichi da Tsanyawa da Kunchi, wa ya naɗa mu alƙalai? Me muka ƙara wa mulkin Allah da zagin da muka rubuta?

Mun san amsoshin, mun sha jin su. Na farko: ai gaskiya ne, ba ƙage muka yi ba. To, a buɗe Farawa sura 9. Nuhu ya sha ruwan inabi ya bugu, ya kwanta tsirara a cikin alfarwarsa. Ham ya gani, ya fita ya ba 'yan'uwansa labari. Ko kalma ɗaya ta ƙarya babu a bakin Ham, abin da ya gani ya faɗa. Shem da Yafet suka ɗauki mayafi, suka shiga da baya da baya don kada idonsu ya sauka a kan mahaifinsu, suka rufe shi. Ku karanta ku ga wanda ya tashi da albarka. Da a ce akwai waya a zamanin, mun san wanda zai ɗauki hoto, kuma mun san 'yan zaurenmu nawa za su tura.

Na biyu: ai su suka fito da kansu duniya, wanda ya hau dandali ya shirya wa jifa. Aikinsu suka fito da shi. Ka ce wane bai iya kuka ba, wance ta cika ihu, labarin nan ya yi rauni, wannan haƙƙinka ne na mai kallo. Aurenta da cikinta da rashin lafiyar uwarta ba su cikin abin da ka saya da kuɗin data. Har akwai waɗanda ba sa raba ɗan wasa da rawar da ya taka, wanda ya fito a mugu sai a tsane shi har a kasuwa.

Na uku ba a faɗarsa da ƙarfi, amma yana nan: ai ba namu ba ne, ba Kiristoci ba ne. Wannan ya fi sauran muni. Yaƙub sura 3 ta tsawata wa harshen da ke yabon Allah yana kuma la'antar mutanen da aka yi cikin kamannin Allah, ba ta ware 'yan ikilisiya kaɗai ba. Mu da muke 'yan kaɗan a wannan yanki, mun san zafin a yi maka kuɗin goro, a yanke maka hukunci tun ba a ji ta bakinka ba. Wanzami ba ya son jarfa.

Kuma bakin da ya saba da naman 'yan fim ba ya tsayawa a can. Nan ne abin ya zo gida. Kun san akwai kujerar da ta zama wofi a cikin mawaƙa tun kafin girbi. 'Yar'uwarmu ce, an gan ta a wani wuri da wani, aka ɗauki hoto, aka saka a zaure da rubutun “mu sa ta cikin addu'a”. Wannan ba roƙon addu'a ba ne, gulma ce ta sa rigar Lahadi. Kafin magana ta iso wurin dattawan ikilisiya, ta riga ta kai bakin rijiya da wurin niƙa, har maƙwabtanmu da ba sa sujada tare da mu sun ji. Mahaifiyarta ta daina zuwa zumuntar mata. Mu ma da muke shugabanci muna da namu laifin, mun ga saƙon, muka yi shiru muna jiran ya mutu da kansa. Magana zarar bunu ce, ba ta koma ba.

Ba cewa muke a ɓoye zunubi ba. Ikilisiya tana da horo, kuma Matiyu sura 18 ta shimfiɗa hanyarsa: ka je wurin ɗan'uwanka kai kaɗai tukuna, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe a kai gaban ikilisiya. A cikinmu wa ya taka zuwa gidansu shi kaɗai? Mun tsallake matakin farko da na biyu, muka wuce na ukun ma, muka kai wa duniya. Yusufu, da ya ga Maryamu da ciki kafin mala'ika ya yi masa bayani, niyyarsa ita ce ya rabu da ita a ɓoye don kada ya kunyata ta, kuma Matiyu ya kira shi mai adalci a daidai wannan wurin. A Yohanna sura 8 ma, mace kaɗai aka jawo gaban Yesu, namijin ko labarinsa babu, kuma masu duwatsun ne suka watse ɗaya bayan ɗaya, tun daga manyansu.

Saboda haka mun yi magana da shugabannin zumunta. Daga yau, duk wanda ya saka hoto ko labarin sirrin wani a zaure, ɗan fim ne ko ɗan ikilisiya, za a goge, za a kuma kira shi a keɓe. Ra'ayi a kan fim kuwa a yi ta yi, sai dai mai faɗin ƙarshe ya yi gargaɗi tukuna, don samarin nan biyu su zauna lafiya. Wanda hoton 'yar'uwarmu yake cikin wayarsa har yanzu, ya goge shi kafin Lahadi. Ranar Laraba da yamma za mu je gidansu tare da dattijo ɗaya da uwar zumunta, ba da taro ba, mu roƙi gafararta da ta iyayenta. Wanda ya fara tura hoton ya san kansa. Muna so ya same mu kafin ranar, akwai wuri a tafiyar.